Ƙarshen Da Auta Ba Ta Ji Ba

Shagon kitson ɗaki ɗaya ne ɗan ƙarami, a matse tsakanin mai ɗinki da mai gyaran rediyo. A ciki akwai madubi da ya tsage ta gefe guda, da bencin masu jira, da kujerar katako da Inna ta zauna a kai har tsakiyarta ta lotsa daidai zamanta. Tun da Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, babbar 'yarta ce ke zama a kujerar. Kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta, don ƙanwarta Auta ce ta fara kiranta haka tun bakinta bai iya magana sosai ba, sunan ya bi ta.

Yaya ce ta yi jinyar Inna. Ita ta juya ta, ita ta wanke ta, ita ta san gefen da ba ta son kwanciya a kai. Auta malamar ƙananan yara ce a wata makaranta can ƙarshen gari, sai ranar da babu aiki take zuwa da ledar lemo a hannu. Amma da ta yi sallama sai fuskar Inna ta washe kamar an kunna fitila. Yaya tana tsaye da bokitin wanki ta ga wannan, ta sake gani. Ta haɗiye abin, ya sauka ya zauna mata a ƙirji, har aka binne Inna bai tashi ba.

Wata rana bayan an tashi daga makaranta, 'yar Auta ta faɗo shagon a guje, jaka na bugun bayanta. Inna ce ta laƙaba mata Aku, don duk abin da ya shiga kunnenta sai ya fito ta bakinta.

"Mama Yaya! Ni ce yarinyar cikin kogo!"

"Wane kogo kuma? Cire takalmi, kin kwaso min ƙasar gari kaf."

"Na tatsuniyar Kaka mana. Za mu yi wasanta ranar da za a ba da hutu. Mamata ce ta koya mana. Ni ce ƙaramar, wata doguwa a ajinmu ita ce babbar, muguwar."

Hannun Yaya ya tsaya a kan matajin da take wankewa. Ta san tatsuniyar, ta san ta kamar yadda ta san ƙamshin zanen Inna. Inna ba ta yin tatsuniya sai tana yi wa 'ya'yanta kitso, kuma ɗaya bayan ɗaya, don ba ta son a tsaya mata a ka. In ta kama kan wannan sai ta aiki waccan shara ko ɗebo ruwa. Ba ta fara ta yadda mutane ke farawa. Sai dai ta matse ka tsakanin gwiwoyinta ta ce, "Sunkuyar da kai, ga ta nan tafe."

Aku ba ta jira an tambaye ta ba, ta fara zuba. Wata mata ce da 'ya'ya mata biyu. Ta ba ƙaramar ɗan kunne, ba ta ba babbar ba. Suka tafi daji yin itace, babbar ta ce wa ƙaramar ta shiga kogon wani tsohon itace ta ɗebo musu zuma. Da ta shiga sai ta mirgino dutse ta toshe bakin, ta koma gida ta ce ƙanwarta ta ɓata. Ƙudan zuma suka ji tausayin yarinyar, ba su harbe ta ba, suka riƙa ɗiga mata zuma a baki. Rannan wani mai saran itace ya ɗaga gatari, sai ya ji murya daga ciki tana cewa a yi a hankali, akwai mutum. Ya fasa itacen, ya goyo ta har gida. Uwar ta rungume ta tana kuka, ta ɗora ta a cinya.

"Shi ke nan, sai mu duka mu fito mu riƙe hannu, a yi mana tafi," in ji Aku.

"Babbar fa?"

"Babbar? Ba komai. Tana nan a gefe."

"Ƙudan zuman ba su biyo ta gida ba?"

Aku ta yi dariya har da riƙe ciki. "Mama Yaya, me za su zo yi? Ai tatsuniyar ta ƙare. Mamata ta ce haka Kaka take yi mata ita kullum, ba ta canza ko kalma ɗaya ba."

Yaya ta ajiye matajin a hankali, don in ba ta yi a hankali ba jifa za ta yi da shi.

Ita ba a nan tata take ƙarewa ba. A wadda Inna take yi mata, bayan an ɗora ƙaramar a cinya, ƙudan zuman suna tasowa su bi sawun wadda ta toshe musu ƙofa. Su same ta tana barci, su shiga ta kunne, su shiga ta hanci, su yi saƙarsu a cikin ƙirjinta. Daga ranar in ta buɗe baki za ta yi magana, sai ƙugi kawai a ji. In ta yi kuka, zuma ce ke zubowa daga idonta. Uwar da ƙanwar kuwa sai su tara ƙwarya su tare, su lashe. Haka ta yi ta bushewa har ta zama kamar ɓawon itace, iska ta kwashe ta. Yaya tana yarinya, kai a sunkuye, ta sha jin wannan tana toshe hancinta da yatsa. Ba ta taɓa tayar da zancen da Auta ba, kunya ta hana ta, tunda ita ce babba. Ta ɗauka Auta ma ta sani, tana dai kawar da kai ne.

Ashe Auta ba ta taɓa ji ba. Ashe ita kaɗai aka ɗinka wa wannan ƙarshen, daidai wuyanta.

Da Auta ta zo ɗaukar yarinya, da farin alli a gefen mayafinta, ta ce, "Yaya, ana gobe wasan zan kawo miki ita ki yi mata kitso mai kyau. Ke ma ki zo ki kalla, don Allah. Na ga kamar in yara suka yi ta, Inna ba ta tafi duka ba."

"To," in ji Yaya.

"Lafiya dai? Na ga kin sha kunu."

"Hayaƙin mai gyaran rediyon nan ne, ya dame ni."

Kwanakin da suka biyo baya, Yaya ta ja gashin mutane fiye da kima. Wata amarya har ta ce, "Yaya, kan nan aro na yi, mai shi yana jira." Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Tana tsaga tana lissafi. Wa Inna take yanka wa tsokar da ta fi laushi? Wa aka bari ta yi karatu, wa aka zaunar a shago tun hannunta bai kai tsakar kan mutum ba? Ko 'ya mace Allah bai ba ta ba, nata duk maza ne, masu zuwa wajen mai aski su dawo da kai kamar ƙwai. Auta ce ta samu 'ya, Auta ce ta samu ƙarshe mai daɗi, yanzu kuma Auta ce za ta tsaya gaban iyayen yara a tafa mata da tatsuniyar Inna.

Ana haka sai ga Ungozoma, tsohuwar ƙawar Inna tun suna 'yan mata. Ta daina karɓar haihuwa tuntuni, amma sunan bai sake ta ba. Ta zauna a tabarma da nishi, ta zame ɗankwali, ga 'yar furfura kamar auduga da aka tsettsefe.

"Ga shi nan, 'yar ƙawata. Ki yi abin da za ki iya, kada ki ce min ya yi kaɗan, na sani."

"Iya, wannan ai sai dai in zana miki da alli."

"Ja'ira. Bakin uwarki sak."

Yaya ta shafa mai, ta fara tsaga, sannan ta yi tambayar kamar ba ta dame ta ba. Tatsuniyar yarinyar cikin kogo, wanne ne na gaskiya, wanda ya tsaya a cinyar uwa ko wanda ƙudan zuma suka bi babbar?

Ungozoma ta yi wata dariya da ta ƙare da tari. "Babu ko ɗaya. Ke kin ɗauka haka aka yi mana ita? Mu da muka ji ta wajen kakanninmu, babu ɗan kunne, babu mai gatari. Shekarar yunwa ce. Abincin da ya rage ba zai ishi baki uku ba. Uwar ce da kanta ta dubi 'ya'yan nan biyu, ta dube su, ta zaɓi ɗaya. Ɗayar ta kama hannunta ta kai ta kogon, ta ce shiga ki ɗebo mana zuma, ta mirgino dutsen."

"Uwar?"

"Uwar. Kuma ba wanda ya zo. Bayan shekara ta koma ta janye dutsen, ta tarar ƙudan zuma sun yi saƙa a cikin haƙarƙarin yarinyar. Ta ɗebo, suka sha da wadda ta rage. Ta ce ba ta taɓa shan zuma mai daɗin wannan ba. A nan tatsuniyar take tsayawa. Mu kuwa a ce mu je mu kwanta. Kai, tsofaffin da ba su da tausayin kunnen yaro."

"To wa ya canza ta?"

"Kowa da ya ɗauke ta sai ya ɗan goge mata wani wuri. Amma wannan ta gidanku aikin uwarki ce. Ta ce min ita ba za ta iya riƙe kan 'yarta tsakanin gwiwoyinta tana faɗin uwa ta rufe 'ya da dutse ba. Sai ta kawo mai gatari, ta ɗauke laifin daga kan uwar ta ɗora wa 'yar'uwar. Wayyo! Ke, a hankali mana, saura nawa ne a kan?"

"Yi haƙuri, Iya."

Yaya ta sassauta hannu, amma cikinta bai sassauta ba. Wato Inna ta sauke kayan daga kanta ta ɗora wa babbar 'ya. Kuma ko a tsohuwar tatsuniyar ma, uwa zaɓa take yi. A nan ta yanke abin da za ta yi. In aka kawo mata Aku, za ta yi mata tatsuniyar har ƙarshe, da ƙudan zuman da komai. Aku ba ta riƙe magana. Ranar wasan a gaban iyaye da malamai, lokacin da za a riƙe hannu a yi tafi, yarinyar za ta buɗe baki ta faɗi abin da ya sami babbar. Auta ma ta ɗanɗana. Ta san ba daidai ba ne, ta kuma ji daɗinsa tun kafin ta yi.

Ana gobe wasan, da rana tsaka, Auta ta ajiye yarinyar ta wuce kasuwa neman kwalin da za su yi itacen da shi. Shagon babu kowa, sai ƙarar keken mai ɗinki ta bango. Yaya ta zauna a kujerar Inna, ta jawo Aku tsakanin gwiwoyinta, ta tsefe tsohon kitson. Gashin uwarta Aku ta ɗauko, ɗan kaɗan ne mai laushi, mataji na ratsa shi ba gardama. Ba irin na Yaya ba, wanda tun tana yarinya ya cika ya yi tauri, har haƙoran mataji yake karyawa.

"Sunkuyar da kai," ta ce, "ga ta nan tafe."

"Haka Mamata take cewa!"

"Na sani. Yi shiru."

Ta fara. Ba ta yi niyyar kwaikwayon Inna ba, amma hannu da baki tare suka koya, tare suke tafiya. Tsagar farko daga goshi, uwa ta ba da ɗan kunne. Tana sauka gefen kunnen dama, an shiga daji. A tsakar ka aka mirgino dutse, Aku ta ƙanƙame mata ƙafa duk da ta san abin da zai faru. Gefen hagu, ƙudan zuma na ɗiga mata a baki. Yaya tana jin sauran maganar na taruwa a maƙogwaronta, tana gyara ta, tana zaɓen kalmomin da za su fi shiga. Mai gatari ya zo tana kan ƙeya. Ya fasa itace, ya goyo yarinya, uwa ta rungume ta ta ɗora a cinya.

Yatsunta suka laluba neman gashin gaba, ba su samu ba. Jelar ƙarshe ce a hannunta. Kitso ya ƙare.

"Shi ke nan?" in ji Aku, tana ƙoƙarin ɗago kai. "In tashi?"

Yaya tana kallon ɗan kan nan, layi-layi, an gama tsaf, daidai inda tatsuniyar Auta ta tsaya. Ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. A kanta ita kuwa, lokacin da ake ɗora yarinya a cinya, ko rabi Inna ba ta kai ba. Sai a ci gaba, tunda akwai sauran gashi, kuma yaro ba ya zama shiru in babu magana a kunnensa.

Duk da haka zuciyarta ba ta yarda ta sauka ba. Ta ɗauki tsinken tsaga ta soka a jelar ƙarshen, ta ce, "Tsaya, wannan bai yi ba, bari in warware."

Da maganar ta fita sai ta ji ta da muryar Inna. Wannan bai yi ba, bari in warware. Sau nawa aka faɗa mata haka? Inna da mata ke tasowa daga wata unguwa don layinta ba ya karkacewa, Inna da ba ta taɓa warware kitson kowa ba a shagon nan, a kan Yaya kaɗai take samun layin da bai yi ba. Ta warware, ta sake, wani lokaci bayan tatsuniyar ma ta ƙare, babu sauran abin faɗa, sai numfashinta kawai a kan ƙeyar Yaya da ɗumin cinyarta a kafaɗa. Ko don ta tsorata ta ne, ko don kada ta tashi ne, Yaya ba ta sani ba, wadda za a tambaya kuma tana ƙarƙashin ƙasa. Ta zare tsinken.

"Ya yi. Tashi ki duba madubi."

Aku na gaban madubi tana juya kai Auta ta shigo da kwali a hammata. Ta yaba kitson, sannan ta dubi yayarta.

"Har kin gama? Kai, wannan kan irin nawa ne, ba ya cin lokaci." Ta ajiye kwalin a benci. "Kin san wani abu, Yaya? Da muna yara na tsani gashinki."

"Gashina ya yi miki me?"

"Ni kafin in gyara zama an ce tashi. Ke kuwa rabin yini kina jingine da ita. In gama sharar, in ɗebo ruwan, in dawo in leƙo ta taga, kina nan, tana yi miki magana ƙasa-ƙasa. Har man girki na taɓa shafa wa kaina ko zai fito, ƙudaje suka bi ni har makaranta." Ta yi dariya, amma idonta ya kawo ruwa. "Ko da ta kwanta ciwo, ni dariya take yi min kamar baƙuwa. In abu ya dame ta, ke take kira."

Yaya ta daɗe tana goge matajin da ba shi da datti.

"Abin da take faɗa min ƙasa-ƙasan, sauran tatsuniyar ce."

"Wace saura?"

"Akwai saura. Bayan cinyar."

Auta ta tsaya da baki buɗe. Yaya ta ga abin da ya gilma a fuskarta, ta gane shi, don shi ne ta daɗe tana gani a madubin da ya tsage. Kuma sai da ta ji wani ɗan daɗi, ba za ta yi ƙarya ba.

"Ta yi miki wadda ba ta yi min ba?"

"Ba mai daɗi ba ce. Iya Ungozoma ma tana da wadda ta fi ta muni."

"Ban tambaye ki daɗinta ba, Yaya. Ta Inna ce ko ba tata ba ce?"

"Tata ce."

Auta ta juya ta ce, "Aku, je wajen mai ɗinki ki nuna mata kanki. Kada ki dawo sai na kira ki."

"Ni ma zan ji!"

"In gashinki ya ƙaru," in ji Yaya. "Wuce."

Yarinyar ta fita tana ƙunƙuni. Auta ta zame mayafi, ta kwance ɗankwali, ta zauna a tabarma ta jingina da gwiwoyin yayarta. Kan nan dai shi ne, ɗan gashi mai laushi, yanzu har da 'yan farare a gefen kunne da Yaya ba ta san sun fito ba. In aka yi masa kitson da aka saba, ko dajin ba za a fita ba zai ƙare.

Yaya ta lakato mai, ta ɗauki tsinke, ta yi tsaga siririya kamar zare. Ta kama gashin, ta ja shi da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

"Wash! Yaya!"

"Ƙanana zan yi miki, za mu daɗe. Sunkuyar da kai."